Na Hana A Sa Wa Ƙanena Ƙarfe A Baya

A shekarun dubu biyu da 'yan kai ni direban kamiyon siminti ne a Malbaza, mutum mai son rediyo da son a ce shi ya fara jin labari. Ƙanena kuwa dako yake yi. Wata rana ya zame daga saman mota da buhu a ka, ƙashin bayansa ya goce. A Yamai likita ya duba hoto ya ce sai an yi aiki, a ɗaure gaɓoɓi biyu da ƙarfe da kusoshi har su haɗe, kuma kada a ja lokaci, don ƙashin yana danne jijiya.

Mahaifiyarmu na jin ƙarfe ta sa kuka, wai ɗanta ba zai shiga kabari da kusoshi a jiki ba. Sai na tuna wani shiri da na ji a hanyar Konni, cewa Turawa sun ƙera wani abu mai riƙe ƙashin baya har ya warke, sannan ya narke a jiki, an gwada a kan tumaki ya yi. Mu da muka tashi cikin kiwo, a ganina abin da rago ya ɗauka mutum ma zai ɗauka. Da na gaya wa likitan, ya ce daga jikin dabba zuwa na mutum shekaru ne, ƙanena kuma ba shi da su. Na ce a raina bai dai ji shirin ba ne. Na kwaso yaron muka koma gida Tajaye mu jira. Bai yi musu ba, ya ce duk yadda Yaya ya gani.

Kullum kunnena na kan rediyo, ƙafarsa ta hagu kuma tana mutuwa. Yatsu suka fara, sai ya koma jan ta. Ran nan matarsa ta same ni a zaure, ta ce fitsari na zubo masa bai sani ba. Muka koma Yamai a guje. Aka sa ƙarfen da na hana, amma jijiyar ta riga ta lalace.

Yau a keken guragu yake. Bai taɓa yi mini gori ba, wannan shirun ne ke cin raina. Na koyi cewa labarin gwaji ba magani ba ne. 'Yan'uwa, idan likita ya ce yanzu, kada ku jira abin da kuka ji a rediyo, musamman in ƙashin bayan da zai biya kuskuren ba naku ba ne.