Hoton Yaya a Bakin Ƙofar Coci

Bayan rasuwar yayata da 'yan makonni, babbar 'yarta ta same ni a kicin ina wanke tukwane, ta ce so take in raka ta wurin babanta. Hoton mamanta take nema, wanda za ta rataya a ɗakinta, don abin da ke cikinta in ya zo duniya ya san fuskar kakarsa. Ta ce Yaya ta gaya mata tun tana kwance cewa akwai guda ɗaya mai kyau, wanda Baba ya ɗauke ta a bakin ƙofar wata tsohuwar coci, ranar da za mu baro ƙasar waje. Ita kuma nauyin tambayarsa take ji. Na ɗauraye hannu na ce mu je. Ni ban taɓa jin nauyin mijin Yaya ba.

Mutumin nan mai hoto ne tun kafin ya aure ta. Shagonsa na ƙasan wani bene, tsakanin mai gyaran agogo da mai sayar da magani, kuma duk layin ba mai kiransa da sunansa. Tsaya-Haka ake ce masa, don maganar da ta fi yawa a bakinsa ke nan. A shagon akwai labule shuɗi, da kujera mai juyawa, da madubi wanda aka ɗaure wa mataji da zare don kada a tafi da shi. Masu neman hoton fasfo, ɗalibai, amare, jarirai, duk a kujerar nan suka zauna. Yaya ce mai gyara musu wuyan riga, ita ce mai riƙe farin allon da ke mayar da haske, ita ce mai kaɗa makullai har jariri ya ɗago kai. Rabin garin sun yi kyau a hoto ne saboda hannunta.

Ba zan yi masa sharri ba. Bai taɓa ɗaga mata hannu ba, bai bar gidansa da yunwa ba, kuma aikinsa ba na biyu a garin. Amma mutane sun ishe shi tun da daɗewa. Yakan ce fuska tana ƙifta ido, tana zufa, kuma in ka gama wahala da ita sai mai ita ya ce ka yi masa baƙi. Abin da yake so shi ne gini. Bayan shagon, inda yake wanke hotuna, ya lulluɓe bango da shafukan tsofaffin kalandu, duk na coci-cocin ƙasashen waje, masu dogayen hasumiyoyi da tagogin gilashi kala-kala. Ba maganar ibada ba ce, dutsen ne kawai ke tafiya da hankalinsa. In ya fara bayanin ginshiƙai, sai abincinsa ya huce a gabansa.

Ita kuwa Yaya tana da nata taurin kan. Duk wanda ya ɗaga waya zai ɗauke ta, sai ta kare fuska da hannu ta ce ina, tana matar mai hoto waya za ta ɗauke ta? Shi zai ɗauke ta da kamara ta gaske, ranar da ta shirya. In ta shirya, sai ya ce haske bai yi ba. In haske ya yi, akwai mutane a layi. Ai tana nan, gaggawar me ake yi? Hoton aurensu ruwan da ya taɓa shiga gidan ya cinye shi, na katin shaida kuma ko ita ba ta gane kanta a ciki. Haka aka yi ta gobe-gobe har furfura ta fito mata.

Da ciwonta ya ƙi ci ya ƙi cinyewa, likita ya tura mu ƙasar waje, ni ce mai jinya. Tun wurin haɗa kaya raina ya fara ɓaci. Jaka ta yi nauyi, sai mutumin nan ya zare bargon Yaya ya tura ƙafafun kamararsa a wurin. Na ce masa, Mai Hoto, asibiti za mu ko yawon buɗe ido? Ya yi dariya ya ce, Auta, bakinki ba ya hutawa. Yaya ta ƙifta mini ido in yi shiru. Ita ma ta ɓoye wani abu a ƙasan jakarta: sabuwar riga mai ruwan ganye, wadda ta ɗinka musamman saboda tafiyar.

Tsakanin gwaji da gwaji ana sallamarmu, sai ya ce mu fita ta sha iska. Iskar kullum a coci take ƙarewa. Gaskiya gine-ginen sun isa a kalla. Kana shiga sanyi zai buge ka, ga ƙanshin kyandir da na tsohon katako, rufi can sama har wuya ya yi ciwo, rana ta ratso gilashi ta zuba ja da shuɗi a ƙasa. Yaya takan miƙa tafin hannunta cikin launin tana murmushi. Shi kuwa ya kwanta rigingine a tsakiyar hanya yana ɗaukar rufi, mutumin da ya ce bayansa ba zai bar shi ya sunkuya ya sa mata takalmi ba. Jakar kayan kamarar ma ita ya rataya wa. In ta jingina da ginshiƙi don ta huta, sai ka ji muryarsa daga bayan kamara.

“Matsa kaɗan, kin shigo mini.”

Sai ta matsa. A wata cocin wata tsohuwa mai jera kyandir ce ta lura da yadda take haki, ta jawo mata kujera ta kawo mata ruwa, alhali ko gaisuwar juna ba su iya ba. Mijinta na can yana tsaki, wai wani bawan Allah ya durƙusa yana addu'a ya ƙi tashi daga inda yake son ɗauka. Ranar na ji ƙyamarsa ƙwarai, na fita waje na zauna a matakala don kada in faɗi abin da za a kore mu.

Ranar da likitoci suka ce sun yi iyakar yinsu, mu koma gida, ya yi kuka, na gani da idona. Yana share hawaye ya dubi taga, ya ce idan muka hanzarta za mu tarar da rana ba ta bar hasumiyar wata coci ta bakin kogi ba. Hali zanen dutse, in ji masu magana.

Ranar tafiyarmu ina ɗaure kaya, sai ga Yaya ta fito cikin koriyar rigarta, ta sa kwalli, ta ce za ta raka shi cocin ƙarshe, ni in zauna. Sun daɗe. Ta dawo da ƙyar take ɗaga ƙafa, amma fuskarta kamar an yi mata albishir. Ta ce akwai wata ƙatuwar ƙofa ta katako mai sassaƙa, ya kafa kamara yana jiran rana ta sauka a kanta. Da ranar ta sauka, sai ta taka ta tsaya a gaban ƙofar. Ya ce ta matsa, ta ce yau kam ba inda za ta. Yana tsoron hasken ya wuce, dole ya danna.

“Auta, yau dai an ɗauke ni,” ta ce, tana dariya tana tari.

Wannan hoton muka je nema. Mun sami mijin Yaya a falo, ya kwashe hotunan yaran daga bango ya jera na coci-cocinsa cikin firam. Yarinyar ta durƙusa ta gaishe shi, ta kasa ci gaba, ni na faɗi abin da ya kawo mu. Ya ce ai ga shi nan, ya nuna mafi girma, wanda ke saman talabijin. Ƙofar ce, da sassaƙarta da ƙusoshinta, rana ta kwanta a kanta gwanin kyau. Ba kowa a gabanta.

Na tambaye shi ina Yaya. Ya gyara tabarau, ya fara bayani irin na malami. Wai a duk tafiyar ba hoton da haske ya yi masa kamar wannan, ita kuma ta rufe sassaƙar ƙasa gaba ɗaya. Don haka da muka dawo, tana ɗaki tana jinya, ya zauna gaban kwamfuta ya cire ta, ya kwafo katako daga ɗaya ɓarin ƙofar ya cike wurin. Na ce to, na asalin fa? Ya ce a kansa ya ajiye gyaran, katin kamarar kuma ya goge shi da aikin wani taro ya taso. Yana faɗa ko a jikinsa, an tsikari kakkausa. Har da ɗan alfaharinsa ya ƙara da cewa:

“Ku duba da kyau. Daidai nan ta tsaya. Akwai wanda zai ce an taɓa wurin?”

Na juya na dubi 'yarsa. Yarinyar ta tashi a hankali, hannu ɗaya a kan cikinta, ta matsa har numfashinta na taɓa gilashin. Ta bi katakon da ido sama da ƙasa, ko za ta ga bakin riga, ko inuwa a ƙasa. Mutumin ya iya aikinsa, bai bar komai ba. Sai ta ɗora yatsunta a inda ya nuna, wajen tsayin fuskar mutum, ta bar su a nan.

“Baba, nan ne?”

“Nan ne,” ya ce. “Amma ɗauke hannunki, za ki ɓata gilashin.”