Cokalin Man Gyaɗa a Bakin Gulbi

Shekarar da aka yi mini aure na tare a Gesse, cikin Birnin Kebbi, na je Argungu da rani gaida goggota, ƙanwar mahaifina. Suyar kifi take yi a bakin gulbi, a wata rumfar zana kusa da inda masunta ke ɗaure jiragensu.

Da hantsi na kwashi kwanoninta na gangara wanke-wanke. Ruwa ya ja baya sosai, bai kai gwiwa ba, ƙasansa yashi ne. Ina sunkuye ɗankwalina ya zame, garin gyara shi ya fizge ɗan kunnena na dama, ya faɗa ruwa. Na zinari ne, mahaifiyata ta sa mini da hannunta ranar da za a kai ni ɗakina. Na shiga lalube, na dama ruwan gaba ɗaya. Ga iska tana kaɗawa, saman ruwan sai rawa yake yi, ba a ganin komai.

"Lahiya, ɗiyata? Mi ya hwaru?" Goggo ta ƙwala mini kira daga rumfa.

Na gaya mata.

"To hito haka nan. Bar motsa shi, ya kwanta."

Muka jira har yashin da na dama ya kwanta. Sai ta ɗebo man gyaɗa cokali guda, ta zagaya ta wajen da iska ke tasowa, ta tsiyaya shi a hankali. Man bai nutse ba. Ya buɗe kamar faifai, ya kai faɗin tabarma, ya ci gaba da shimfiɗuwa har ya zama kamar babu shi, sai ɗan ƙyalli mai kore-kore a gefensa. Duk inda ya kai, rawar ruwan sai ta tsaya. Na ga yashi sarai, na ga 'yan kifaye suna gilmawa, can kusa da wani dutse na hango ɗan kunnena.

Na sa hannu na ɗauko, ina dariya ina hawaye.

"Cire gudan ma, ki ƙulle su ga bakin zane," in ji Goggo.

Na ƙulle. Na ƙarasa wanke-wanken, man kuwa ya bi ruwa har ya watse cikin ciyayi. Da na hau rumfa ta ajiye mini tarwaɗa mai zafi da yaji. Muka ci tare, tana ba ni labarin ƙuruciyar mahaifina har azahar.