Tafiyar Ɗauko Babur ɗin Ƙanƙarar Surukina

Ƙarfe shida saura kwata na safiyar Alhamis, da idar da sallar asuba, na tsaya a ƙofar gidanmu a unguwar Anbariyya ta Madina, jaka a kafaɗa, wani jibgegen littafi a hamata. Ku mutanen gida da kuke yawan tambayata ko ana dusar ƙanƙara a Madina, amsa ita ce ba a yi. Amma surukina yana da babur ɗin da ake hawa a kanta, kuma shi ne sanadin wannan tafiya.

Alhaji Bukari, mahaifin matata, haifaffen Madina ne, kakansa ne ya zo daga Kano a ƙasa. Dabino yake sayarwa, kuma Allah ya buɗa masa. Bara ya ga bidiyo a waya, ƙanƙara ta lulluɓe Dutsen Lauz can gaba da Tabuk, jama'a na ta tururuwa. Nan take ya sa aka kawo masa babur daga ƙasar waje, wai zai riƙa ba masu yawon buɗe ido haya. Ƙanƙarar bana ta sauka ranar Talata, ta narke ranar Laraba da azahar. Minti arba'in aka hau shi. Tun daga nan yana ajiye wurin wani makiyayi, Abu Salim, wanda ya bugo waya ya ce a zo a ɗauke, awakinsa sun fara cin kujerar.

Ni malamin jami'a ne, digirina na uku a fannin injiniya. Shekara shida Alhaji yana gabatar da ni ga abokansa da "surukina, Duktur muhandis". Bai taɓa tambayata ko na taɓa riƙe sufana ba, ni kuma kunya ta hana ni gaya masa cewa lissafi kawai nake yi a kan allo. Ya ce, "Duktur, ka je ka shirya shi yadda zai kwanta lafiya har sanyin baɗi, ka kawo mini shi gida." Na ce, "To, Baba." Na kwashe sati ina karatun littafin babur ɗin kamar mai shirin jarrabawa.

Madina zuwa Tabuk

Direban da Alhaji ya haɗa ni da shi, Malam Abakar, mutumin Abeche ne a Cadi, ya haura sittin. Motarsa a-kori-kura ce, wadda a nan ake ce wa wanet. Ya dubi farar jallabiyar da na sa, ya dubi littafin, ya ce, "Duktur, ɗaurin aure za mu je ne?"

Mun tsaya a Haibar ƙarfe takwas saura, bayan tafiyar kilomita kusan ɗari da saba'in. Muka karya da gurasar tamis da ful, wato dafaffen wake, da shayi mai madara, mu biyu riyal goma sha biyu. Daga nan na buɗe littafi na fara yi masa bayanin inji mai bugu huɗu: shaƙa, matsa, ƙonewa, fitarwa. Ya saurare ni har Taima bai katse ni ba. Muna shiga gidan mai ya ce, "Wato irin na injin ban-ruwa ne, mai nasa daban, fetur nasa daban?" Na ce haka ne. Ya ce, "To ai da ka faɗa tun Haibar."

Ƙarfe biyu da rabi muka shiga Tabuk. Muka kama ɗaki, muka ci kabsar kaza, sannan muka nufi layin masu kayan gyara. Na sayi abin da littafi ya ce: man inji, filta, maganin hana fetur lalacewa, man feshi da giris. Malam Abakar ya shiga kanti ya fito da soson ƙarfe na wanke tukunya, da tsohon faifan taya biyu da ya roƙa wurin wani mai faci. Na ce waɗannan ba sa cikin littafi. Ya ce, "Ɓera ma bai karanta littafin ba."

Dutsen Lauz

Ranar Juma'a muka tashi ƙarfe shida, hanya ta riƙa hawa tana murɗawa tsakanin jajayen duwatsu kusan awa uku. Abu Salim ya tarbe mu da gahawa, ya rantse ba za mu taɓa aiki ba sai mun shanye finjali uku. Sannan ya kai mu bayan garke. Ga babur nan ja jawur, gabansa dogayen takalma biyu kamar faranti, bayansa ƙafar roba irin ta tankar yaƙi, wata akuya tsaye a kansa tana kallonmu kamar mu ne baƙi. Ƙanƙara kuwa ko ta sa wa a lemo babu.

Na karanta mataki na farko: a wanke shi tas. Kafin na gama fassarawa Malam Abakar ya ɗebo ruwa. Muka zuba maganin fetur, muka cika tanki don kada raɓa ta samu wurin taruwa a ciki, muka tayar da shi don maganin ya zaga, man inji kuma ya yi ɗumi. A nan ne kaɗai littafina ya yi rana. Na gaya masa cewa ƙanƙarar da yake watsawa a cikinsa ita ke sanyaya injin, in babu ita zai ɗauki zafi ya ƙone. Ya ce, "Yawwa, yanzu ka yi magana," ya riƙa kwara masa ruwa ta ƙasa har minti goma suka cika.

Wannan yabo ne ya ruɗe ni. Na ce ni zan juye mai. Na kwanta, na kama ƙusar da sufana, na yi ta murzawa ta ƙi. Malam Abakar ya ce a hankali, "Duktur, ɗaurewa kake yi." Na juya hannu, ta kunce gaba ɗaya, ban tara komai ba. Baƙin mai mai ɗumi ya bi hannun jallabiyata har hamata. Abu Salim ya juya baya yana gyara rawani, kafaɗunsa na rawa.

Daga nan na koma riƙon littafi. Malam Abakar ya canja filta ya zuba sabon mai, ya cire fulogai ya fesa mai a ramukansu don kada tsatsa ta kama, ya mayar. Ya cire batir, ya zare bel, ya bi kowace gaɓa da giris, ya sassauta ƙafar robar. Soson ƙarfen nan ya cusa a salansa da mashaƙar iska. Da na juya shafi sai ga hoton ɓera, an ce a toshe masa hanya da soson ƙarfe. Na rufe littafin. Mu uku muka tura shi kan wanet bisa katako, muka ɗaure, muka rufe shi da tamfol, muka koma Tabuk kafin magariba.

Shingen hanya

Ranar Asabar, gab da Taima, aka tsayar da mu a shinge. Jami'in ya duba iƙamarmu, wato takardar izinin zama, ya ɗaga tamfol. Ya ce, "Mota ce?" Na ce a'a. "Babur ne?" Na ce kusan haka. "To ina tayoyinsa?" Na ce a kan ƙanƙara yake tafiya. "Ina za ku kai shi?" Na ce Madina. Ya kira abokin aikinsa ya ce na maimaita. Na maimaita, na nuna takardun saye. Suka ɗauki hoto da shi, suka yi wa mai shi addu'ar samun lafiya, suka sallame mu.

Harra ta Yamma

Ƙarfe biyar saura muka iso gidan Alhaji a unguwar Harra ta Yamma, zafi kamar bakin murhu. Na zaci za mu sauke shi a gareji, mu ɗora bayansa kan faifan tayan nan don robar ta bar ƙasa, mu lulluɓe shi. Sai na tarar an shimfiɗa darduma a tsakar gida, dattawa goma sha biyu zaune, ana zuba shayi. Alhaji ya gayyato abokansa kallo.

Ya ce, "Masha Allah! Yalla, Duktur, shaggil, tayar da shi su ji kukansa."

Na dubi Malam Abakar, ya dubi sama. Aikin yini guda ne za a warware. Na buɗe baki na ce, "To, Baba." Aka sauke shi a tsakar gida, aka mayar da batir, aka zaro soso, aka murɗa makulli. Man feshin nan ya kama ƙonewa, farin hayaƙi ya turnuƙe gidan. Wani tsoho da ba ya gani sosai ya tafa hannu ya ce, "Allahu akbar, har ƙanƙarar yake yi da kansa!" Alhaji ya haye kujerar da akuya ta ci rabi, ya riƙe kan babur yana ba shi wuta, ana ɗaukarsa hoto.

Minti shida, bakwai, sai jar fitila ta kama ƙiftawa. Na ce, "Baba." Bai ji ba. Na ƙara, bai ji ba. Ban san lokacin da na miƙa hannu ta gabansa na kashe injin ba. A shekara shida ban taɓa haɗa ido da shi ba, yau ga ni na kashe masa babur a gaban baƙinsa.

Tunda na riga na ɓata, sai na ƙarasa. Na ce, "Baba, a gafarce ni, da an ƙara minti biyu ya ƙone. Kuma aikin nan duk Malam Abakar ne ya yi shi. Ni ƙusa ɗaya na kunce, ita ma ta yi mini wanka."

Alhaji ya sauko a hankali, ya karkaɗe rigarsa. Ya ce, "Duktur, matarka ta gaya mini tun shekarar farko cewa ita ke canja ƙwan fitila a gidanku. Kana zaton don tuƙi na haɗa ka da Abakar?" Dattawa suka fashe da dariya. Ya dafa kafaɗata ya ce musu, "Amma kun gani, shi ya san lokacin kashewa. Halas, shi ke nan, Duktur, ku sake kwantar da shi."

Muka sake yin feshi da toshiya da cire batir, wannan karon ni na riƙe sufana, Malam Abakar na nuna mini hannun da zan murɗa. Ana kiran magariba na isa Anbariyya. Ina gode wa Allah da ya kai mu ya dawo da mu lafiya, da Abu Salim da gahawarsa, da Malam Abakar da bai yi mini dariya a gaban mutane ba. Babur yana garejin Alhaji a lulluɓe, an kunna masa na'urar sanyaya ɗaki, abin da ba a taɓa yi wa ɗakin baƙi ba.