Wurin Zaman Surukin Goggo Piroska

Shekara talatin Goggo Piroska tana share cocin ƙauyenmu a Transilbaniya, har ta kai ko fasto bai isa ya matsar da tukunyar fure ba sai da izininta. Maƙwabciyata ce, katanga ɗaya ta raba mu. Bakinta kamar reza, amma in ta gasa burodin dankali, rabinsa gidajen mutane yake tafiya.

Ɗanta ɗaya tilo, Denes, yana birni yana aiki da wata ƙungiyar coci mai tsaya wa waɗanda aka zalunta a ƙasashen duniya: 'yan gudun hijira, da maza masu son maza da mata masu son mata da ake kora daga gidajensu. Zancen 'yan gudun hijira kam, ta cika mana kunne da shi. In aka taɓo ɗaya ɓangaren, sai ta ce miyarta na ƙonewa.

Wata safiya na shiga aron rariya, na tarar da Denes a kicin yana cewa, "Mama, ba aiki ne kawai ba. Ni ma haka nake. Shekararmu shida tare da Andor."

"Kai tafi can! Makauniya ka ɗauke ni? Wane aboki ne ke goge wa ƙato riga shekara shida?" in ji ta. "Ku yi zamanku a birni lafiya, ba sai ƙauye ya ji ba."

"Na gaji da ɓoye shi kamar kayan sata. Ina yawon duniya ina cewa a bai wa kowa wuri, amma a cocin da aka yi mini baftisma babu nasa? Ranar bikin girbi za mu zo. In ba shi da wurin zama, ni ma ba ni da shi, kuma ba zan sake dawowa ba."

Wallahi sai da tausayinta ya kama ni. A cocinmu maza na gefe, mata na gefe, ana fuskantar juna, kowane gida da bencinsa. Amarya, uwar miji ke kama hannunta ta zaunar da ita. Suruki namiji kuwa sai babban namijin gidan ya zaunar da shi a gefen maza, daga nan ya zama ɗan gida. Mijin Piroska ya rasu, bencin yana hannun wansa, tsoho Lazar. Ta je ta roƙe shi har sau biyu ya zaunar da Andor, ya ce ko a mafarki.

Ranar bikin coci ya cika maƙil. Denes da Andor suka shigo ta ƙofar maza suka tsaya, hula a hannu. Lazar ya baje ƙafafu, ya kafe ido a littafin waƙa. Aka gama baiti na farko, aka shiga na biyu, suna nan tsaye. Na ga Denes ya fara juyawa wajen ƙofa.

Sai Piroska ta miƙe daga kusa da ni. Filin nan da ke tsakanin maza da mata, ba macen da ke ƙetare shi ana cikin ibada. Ta ƙetare. Waƙa ta mutu a bakin mutane. Ta kama hannun Andor, ƙato mai gemu, ta ja shi har bencin mijinta.

"Piroska, kin haukace ne?" in ji Lazar.

"Yaya, na binne miji. Ba zan binne ɗa da ransa ba. Matsa."

Tsohon ya dube ta, ya dubi jama'a, ya ja tsaki. Sannan ya tattare gwiwoyinsa.

Ta dawo ba ta waiwaya ba. Da ta zauna na riƙe hannunta. Ta kasa ɗaga kai.

"Duba mini," ta raɗa. "Denes ya fita?"

"Ya zauna, Goggo. Kuka yake yi."

"Bar shi ya yi," ta ce. "In dai a nan yake yinsa."