Badaru da Bil Mai Cibiya Biyu

Idan ka sauka daga metro, jirgin ƙarƙashin ƙasa, a unguwar Château Rouge ka tambayi Badaru mai shadda, sai an tsaya tunani. Amma ka ce Badaru mai bil, ko mahauci zai nuna maka shagon da tsinin wuƙarsa. Bil, ga wanda bai yi ƙuruciya a Damagaram ba, su ne 'yan ƙwallayen gilashin nan da yara ke harbawa da babban yatsa cikin rairayi. Kowa ya yi wasan ya bari da gemu ya fara tsiro. Badaru gemun ya fito, har furfura ta shiga, bai bari ba.

Kada ka kuskura ka ce wasa yake yi, shi asalinsu yake bi. Ran Lahadi yana kasuwannin gwanjo da madubin ƙara girma a aljihu, tsugunne gaban tarkacen mutanen da suka riga mu gidan gaskiya. Ya ɗaga wannan ga haske ya ce na inji ne, sumul, ba shi da labari. Wancan mai idon mage daga Japan ya fito. Wanda kuwa aka yi da hannu a Jamus, akwai ɗan tabo sama da ƙasa, inda aka yanke shi daga sandar gilashi tun tana da zafi, kuma cibiya Badaru yake kiran tabon. Matarsa Zuwaira ta daɗe da haƙura da gwangwanayen madara a gidansu na Clichy-sous-Bois, don duk ya cike su.

Guda ɗaya ne ba ya shiga gwangwani. Girmansa kamar ƙwan kurciya, da zare ja da fari sun murɗe a cikinsa. Daga kwallar da kakarsa ke ajiye duwatsun wuya ya fito, kuma tsohuwar ta ce ayarin Tarabulus ne ya zo da shi kafin a haife ta. Badaru ya yi imani na Jamus ne, sai dai rairayi ya goge cibiyar, ba ta ganuwa sosai. Burinsa a duniya wani masani ya duba ya ce kaka ta yi gaskiya.

Masanin yana Lyon, wani tsohon mai gyaran agogo da ake kira Perrachon, wanda masu tara bil ke jin maganarsa. Da taronsu na shekara ya zo, Badaru ya sa shaddarsa mai kyau, ya kafa hula, ya hau jirgin ƙasa.

Tsohon ya karɓi bil ɗin, ya juya shi, ya ɗaga shi ga haske. Sannan ya sauke numfashi ya ce, "Magnifique! Ban taɓa riƙe irinsa ba."

To a gida, idan babba ya yabi abinka, sai ka ce naka ne. Shi kuma ya sa maka albarka ya mayar maka, kowa ya tafi da kayansa da mutuncinsa. Bakin Badaru a Damagaram aka raine shi, saboda haka bai jira kansa ba, ya ce, "Il est à vous," wato naka ne.

Idon tsohon ya cika da ƙwalla. Ya rungume Badaru, ya sumbace shi kunci biyu, ya naɗe bil a hankici, ya sa aljihu, ya ɓalle maɓalli. Ɗakin ya ɗauki tafi. Badaru ya yi ta murmushi har tashar jirgi ta Part-Dieu, inda ya laluba aljihu ya ji wayam. Ko asalin ma ba a gaya masa ba.

"Ka ce mishi mi?" in ji Zuwaira da ya dawo. "To kira shi ka ce shi maido!"

"Kyauta, Zuwaira? In kira dattijo in ce maido kyauta? C'est pas possible, ba zai yiwu ba."

Ya daina cin abinci sosai, Lahadi ta zo bai fita gwanjo ba. Zuwaira da ta sha yi wa gilasan nan addu'ar ɓacewa sai ta ji tausayinsa ya kama ta da gaske. Ta zaunar da shi ta ce, "Malam, tahi gidanshi ka yabi abin yadda ya yaba. In ɗan mutunci ne, shi ma zai ce naka ne. Kai kuma kada ka yi kunya, ka sa aljihu ka nemi ƙohwa."

Ya koma Lyon da tsarabar kilishi, ya hau tudun Croix-Rousse, inda gidan tsohon yake, yana haki. Ga bil can cikin kabad na gilashi, an kunna masa fitila shi kaɗai. Badaru ya shiga yabo. Ya yabi jan, ya yabi farin, ya kawo kaka, ya kawo raƙuman ayari da ƙishirwarsu, ya ce abin da ya fi wannan kyau bai taɓa shiga idonsa ba. Tsohon sai gyaɗa kai yake yi cike da jin daɗi.

"Na duba shi da kyau," in ji Perrachon. "Cibiyoyin biyu suna nan. Aikin hannu ne na Jamus, ya girmi yaƙin duniya na farko. Kakarka ta yi gaskiya."

Nan hawayen Badaru ya zubo, kuma wannan ba ya cikin shirin Zuwaira. Tsohon ya dafa kafaɗarsa ya ce yana da wani abu dominsa. Badaru ya gyara bakin aljihu. Perrachon ya wuce kabad ɗin, ya shiga ɗaki, ya fito da hoton bil ɗin, babba, an sa shi a firam.

Jirgi bai gama barin Lyon ba wayar Zuwaira ta shigo.

"Ya ba ka?"

"Na Jamus ne, Zuwaira. Kaka ba ta yi ƙarya ba."

"Na ce ya ba ka?"

Badaru ya dubi hoton da ke kan cinyarsa, ya share gilashin da hannun riga.

"Ya ce in zo in gan shi duk sa'ad da na so," in ji shi. "Amma in yi waya tukuna."