Sunan Da Hamisu Ya Ƙi Faɗa

A wannan wata na sanyi shekara biyar ta cika da rasuwar ɗana na fari. A nan Doha aka binne shi, shi ya sa har yau ban koma Funtuwa ba. Ina nan ina girki a gidan Larabawan da nake wa aiki a Madinat Khalifa, ranar hutuna in je in gaishe shi. Da girmana na shiga ajin yaƙi da jahilci na koyi rubutu, don haka mai karatu ya yi haƙuri da hannuna.

Mu a wajenmu uwa ba ta faɗin sunan ɗanta na fari, kunya ce. "Kai" nake ce masa, ko "yaron nan". Ya yi shekara ashirin da huɗu a duniya bai taɓa jin sunansa a bakina ba, kuma bai taɓa damuwa ba. Yakan tsokane ni ya ce, "Inna, ko sau ɗaya ki faɗa mana, in ji yadda yake fita." Sai in kai masa duka da ludayi, ya kauce yana dariya.

Ni na riga shi zuwa ƙasar nan. Da ya biyo ni, aikin gadi ya samu a wani dogon bene a Mushairib. Aikin tsayuwa ne daga safe har yamma, ga gilashi ko'ina, ga sanyin na'ura. Yaron da ya tashi yana bin tumaki a bayan gari, sai ƙirjinsa ya riƙa ƙunci. A nan Hamisu ya shigo. Hamisu ɗan garinmu ne, direba, ya girme shi sosai, yaron yana ce masa Yaya. In sanyi ya sauka sai ya tara samari su fita hamada. Su bar mota inda kwalta ta ƙare, su goya jakunkuna su shiga rairayi da ƙafa, su kwana biyu, su dawo.

Wanda zai goya kayansa a baya ba ya son nauyi, saboda haka komai sai an auna, har wutar girki. Suna da wani ɗan murhu da ake ɗaurawa a kan gwangwanin gas, gwangwanin bai wuce kwanon sha ba. Hamisu ne mai lissafin gwangwani nawa za a ɗauka, kuma yana ji da kansa a kan wannan. A ɗakinsa na Al Mirqab ya ɗora gwangwani a sikeli, ya tafasa ruwa tukunya ɗaya, ya sake aunawa, ya ga abin da ya ragu. Sai ya ƙirga shayin safe da taliyar rana da ta yamma, ya ce biyu sun isa. A ɗaki ya yi gwajin, taga a rufe, ruwa mai ɗumi daga famfo. Hamada kuwa ba ta da taga.

Abin da ya faru a can, Isaka ne ya faɗa mini, wani yaro ɗan zangon Kumasi da ke cikin tafiyar. Ya ce iska ta taso tun ranar farko, tana kwashe harshen wutar gefe, ruwan jarkokinsu kuma ya yi sanyi ƙalau. Tukunyar da ke tafasa nan da nan a ɗaki sai ta zauna tana kallonsu. Kafin rana ta biyu ta raba, gwangwani ɗaya ya ƙare, na biyun ya yi sauƙi a hannu. Samari suka fara tsokanar Hamisu, suna cewa yau mai sikeli zai ba su ɗanyar taliya. Abin ya ƙona masa rai. Sai ya zaro wani fallen alminiyam, ya naɗe murhun da gwangwanin gaba ɗaya, bai bar ko ƙofar da yatsa zai shiga ba, ya ce haka wutar ba za ta ɓata ba. Ya ce wa ɗana, "Yalla, maza zauna ka riƙe, kar iska ta buɗe shi." Shi kuwa ya hau tudu neman sabis.

Zafin da aka tare bai sami wajen fita ba, ya koma kan gwangwanin. Da la'asar ne, rana tana nan sarai. Isaka ya ce ƙarar fashewar kawai suka ji. Suka ɗauko yaron a kafaɗa har inda mota take. Ya yi kwanaki a asibiti, likitoci sun yi iyakar ƙoƙarinsu, ina zaune kusa da shi ban gane fuskarsa ba sai muryarsa. Ko a lokacin ban kira sunansa ba.

Da aka tambaya, Hamisu ya ce yaron ne ya naɗe murhun da kansa, shi ba ya wajen. Samarin suka yi shiru, kowa yana tsoron kar maganar ta kai kunnen kafil ɗinsa, uban gidan da ya ɗauki nauyin zamansa a ƙasar, a sallame shi. Ban ga laifinsu ba sosai. Isaka ya riƙe abin shekara guda, sannan ya same ni a bakin ƙofar kicin yana kuka, ya ce, "Mma, ba na iya barci. Ba shi ya naɗe ba."

Yau Hamisu ya zama malami a waya. Yana yin bidiyo da Hausa yana koya wa samari fita hamada, kuma ina kallon kowanne har ƙarshe. Yana cewa a yi gwaji a waje inda iska take, kar a yi a ɗaki. A rufe tukunya, a rage wuta. A ƙara gwangwani ɗaya kan duk abin da lissafi ya bayar. A tare iska da jaka ta gefe guda, daga nesa, a riƙa taɓa gwangwanin, in ya yi zafi a kashe. Duk gaskiya ne. Sai ya ɗaga yatsa ya ce, "Kar ku kuskura ku naɗe gwangwani. Akwai wani yaro da ya yi wannan gangancin." Wani yaro. Mutane suna rubuta masa Allah ya ƙara basira.

Nakan tambayi kaina me ɗana zai ce da ya ga wannan. Na san shi. Zai yi murna samari sun daina naɗe gwangwani, zai ce, "Inna, khalas, ya wuce, ki bar shi." Mai sanyin zuciya ne, a wajena ya gado. Amma shi bai taɓa zama a bakin gadon asibiti yana jin warin fatar ɗansa ba.

Watan jiya Hamisu ya zo da Malam Tanko, dattijon 'yan garinmu a nan. Hamisun zai tafi Makka bana, yana zagayen neman gafara kamar yadda ake yi. Na shimfiɗa musu darduma, na kawo shayi. Malam Tanko ya ce, "Hajiya, ke mai haƙuri ce, kowa ya shaida. Abin nan ƙaddara ce."

Na ce, "Ƙaddara ce, Malam, ban ja ba. Kwanansa ne ya ƙare. Amma ƙaryar da aka ɗora wa mamaci, ita ma ƙaddara ce?"

Hamisu ya sunkuyar da kai ya ce, "Inna, ki yafe mini."

Na ce, "Ka kunna wayar nan da kake koyarwa da ita. Ka faɗi sunansa, ka ce kai ka naɗe, kai ka ce ya riƙe. Ranar zan yafe."

Ya ce mutane za su gudu daga gare shi. Na ce to. Ya tashi bai sha shayin ba. Bidiyo biyu ya saki tun daga ranar, na kalle su, "wani yaro" yana nan inda yake.

Ban yi masa baki ba, ba kuma zan yi ba. Bari ya je Makka, Allah ya kai shi lafiya. Sai dai malamai sun faɗa mana haƙƙin mutum ba ya wankuwa sai mai shi ya yafe, kuma ni ina riƙe da nawa. An ce ina da haƙuri, gaskiya ne. Zan iya jira har ranar da za a tsayar da mu gaba ɗaya, inda sikelin ba nasa ba ne.

Abin da ya rage mini na yaron bai da yawa: rigar gadinsa, da Isaka da ke kawo mini dabino duk azumi, da samarin da ke dawowa gida lafiya saboda darasin da aka koya a jikinsa. Sai sunansa, wanda Hamisu ya ƙi faɗa don tsoro, ni kuma na ƙi faɗa don kunya. Tawa kunyar ta ƙare yau. Ba wani yaro ba ne, kuma bai yi ganganci ba, abin da Yayansa ya sa shi ya yi.

Sunansa Usman. Allah ya jiƙan Usman.