Allon Otal Ɗinmu Babu Kakata

Shekaranjiya na wuce ta bayan wani gida ana suyar gyaɗa, sai na tsaya cak. Ƙamshin gidanmu ne na Jajaye. Tun daga lokacin raina yake a ɓace, kuma zan gaya maka dalili, ko da yake ban tabbata ina da bakin magana ba.

Kakana manomin gyaɗa ne, ba na musun wannan. Amma shi yana cirewa yake sayarwa. Kakata ce take sayen buhu a hannunsa da kuɗinta, kamar yadda matan gida suke yi, ta soya, ta daka, ta matse mai, ta murza ƙuli-ƙuli. Ina tuna hannunta da sanyin hunturu, duk ya tsattsage, yana sheƙi da mai. Ina tuna ƙarar taɓarya tun rana ba ta fito ba. Masu sayen gyaɗa daga Kano suna kwana a zaurenmu, ita take aika musu tuwo, ba su taɓa ganin fuskarta ba. Da zauren ya yi kaɗan, ita ta ce a gina ɗakuna biyu kusa da kasuwar Rogo, kuma da ribar man gyaɗarta aka sayi kwanon rufi. Wataƙila ƙuruciya ta sa na ƙara wani abu, amma kwanon nan a gabana aka sauke shi.

Ɗakuna biyun ne suka zama masauki, masaukin ya haifi wani a Karaye, yau ga otal huɗu.

Da za a buɗe na huɗun, baffana, wanda yake riƙe da harkar, ya ce in rubuta tarihin gida a kafa a bango, tunda ni na yi jami'a. Na yi sati uku ina tambayar tsofaffi don kada in yi kuskure. Da na kai wa baffa ya karanta, ya ja biro a kan duk layin da kakata ta fito.

"Kai da karatunka ba ka san kunya ba? Uwata za ka rataya a bango kowane baƙo ya karanta?"

Na ce, "Baffa, ai ba sunanta na sa ba, aikinta ne."

"Sa fartanyar tsoho. Ita mutane suke son ji."

Kunya! Shekara nawa tana ciyar da baƙi da guminta ba a ji kunyar ci ba, sai da aka zo faɗa? Wannan a zuciyata na faɗe shi. A fili kuwa na ce to, na je na gyara.

Ranar buɗewa gwaggona, 'yar kakata ta fari wadda ta taya ta daka har aka yi mata aure, ta ja ni gaban allon. Ba ta karanta boko.

"Ɗana, karanta mini."

Na karanta mata har ƙasa. Ta gyara mayafi ta ce, "Ci gaba mana, ban ji an zo kan Inna ba."

Yanzu a Jajaye inji ne yake matse mai, waɗanda suka san abin da ya faru kuma suna ta ƙarewa. Jikokinmu allon za su gaskata. Ina jin haushin baffana, sosai ma. Amma shi layi kawai ya ja. Ni na zauna na sake rubutawa, har na duba ko akwai kuskuren harafi.